Ciwon kan da ban faɗa ba

Ranar da aka fara ɗaura min abin gwajin hawan jini a dantse, cikina ya riga ya shiga wata na shida. A watan Maris na 2017 ne, zafi ya fara kankama, shekaruna goma sha shida da wata biyu. Sistar da ta karɓi katina ta dubi fuskata, ta dubi cikin, ta ce, "Ke 'yar nan, ina kika shiga tun tuni?" Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina. Gwaggona da ta rako ni ce ta amsa mata: "Cikin fari ne, Sista. Kin san yaran nan da kunya."

Haka aka yi ta yi har ƙarshen cikin nan. A tambaye ni, wani ya amsa.

An ɗaura min aure a watan Agusta na 2016, bayan na gama aji uku na ƙaramar sakandare. Mu tara ne a gidanmu a Gwammaja, ni ce ta uku. Baba tela ne, kuma duk wanda ya yi cefane a wannan shekarar ya san yadda kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi. Ba auren dole aka yi min ba, kada a ɗora wa iyayena abin da ba su yi ba. Na san mutumin, yana zuwa zance, ina son sa irin son da yarinya take yi. Ummata tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta ɗaki, kakata ma ba ta kai haka ba. Babu wanda ya ga wani abin mamaki a nawa. Kafin a kai ni gidana a Dorayi an zaunar da ni an yi min faɗa a kan haƙuri da biyayya, an koya min girki da gyaran jiki da haɗa turare. Ko mutum ɗaya bai ce min ga yadda ciki yake ba, ga abin da za ki gani ki yi shiru, ga wanda za ki gani ki yi ihu.

Da na ga wata biyu sun wuce ban ga al'ada ba, ga amai kullum da safe, na gane, amma na rufe bakina. Sai da cikin ya kai wata huɗu maigidana ya lura da kansa, ya je ya gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa. Ta yi murna ƙwarai, ta aiko min da kaza. Da ya kawo maganar asibiti sai ta ce cikin fari ba a yawo da shi, akwai baki, kuma ita da ta haifi goma sha ɗaya ba ta san hanyar awo ba. Ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan. Cikin goma sha ɗayan nan huɗu ta binne, amma wannan ba ya shiga lissafi idan ana irin wannan magana.

A wata na biyar zazzaɓi ya kwantar da ni, aka sayo magani a kemis na sha, na tashi. Gwaggo ta zo duba ni, ta kama tafin hannuna ta juya, ta ja fatar idona ƙasa, ta ce, "Yarinyar nan ta yi fari fat, babu jini a jikinta." Ita ce ta tsaya a ƙofar gida ta jira maigidana ya dawo daga kasuwa, ta ce masa, "Ɗana, ranar Talata zan zo in kai ta awo, ka ajiye kuɗin mota." Bai yi musu ba.

Wadda ba ta taɓa zuwa awo ba, ga yadda abin yake. Ana idar da sallar asuba ake fita, don a ajiye kati a layi. A zauna a kan benci, wata ma'aikaciya ta fito ta yi bayani, a yi waƙa ana tafi. Daga nan sai a hau sikeli, a auna tsawo, a gwada hawan jini. A ba ki 'yar kwalba ki kawo fitsari. A ɗebi jini a duba yawansa da rukuninsa, a duba ko akwai sikila a jinin, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta. Sannan ki shiga bayan labule ki kwanta, a auna tsayin cikin da tef, a kafa wani ɗan ƙaho a saurari bugun zuciyar abin da ke ciki. Hawan jinina a ranar lafiya lau, 110 bisa 70. Yawan jinin ne ya nuna 27, alhali ana son mai ciki kada ta gaza 33. Aka ba ni Fansidar ƙwaya uku na haɗiye a gabansu saboda zazzaɓin cizon sauro, aka yi min allurar rigakafin sarƙe-haƙora, aka ba ni gidan sauro, da jan magani na ƙarin jini da 'yan ƙananan nan masu ruwan ɗorawa.

Kwana goma na sha na daina. Yana tayar min da zuciya, bayan gidana ya koma baƙi na tsorata, sannan wata maƙwabciya ta ce maganin awo shi ke sa yaro ya yi ƙato a ciki har sai an yi wa mace aiki. Na yarda da ita saboda ta girme ni. Yanzu da nake karatun ungozoma na san baƙin bayan gidan ba komai ba ne illa sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin, na kuma san cewa yarinya mai shekara goma sha shida ita kanta ba ta gama girma ba. Ƙashinta yana neman abinci, jininta yana nema, ga kuma wani a ciki yana ja. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba da hannu biyu. Idan aka haɗa da zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini, da tuwon da ba kullum ake samun nama ko ganye a miyarsa ba, ba abin mamaki ba ne a ga yawancinmu da fararen idanu.

Abin da ya fi damuna idan na tuna wurin awon nan shi ne inda nake zama. Can ƙarshen benci na baya, a jikin bango. Matan da ke gaba sa'o'in Ummata ne, masu ciki na bakwai da na takwas, suna raha da ma'aikata, suna tambaya ba kunya. An lissafa alamomin haɗari a gabana, ba zan ce ba a faɗa ba: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, fashewar faya kafin lokaci, yaro ya daina motsi. Na ji da kunnena, har na yi tafi. Amma a raina maganar manya ce ake yi, ni rakiya na zo. Idan na shiga bayan labule aka ce, "Akwai matsala?" sai in ce, "Babu." Kalma ɗaya, an wuce wurin, na bayana ta shigo.

Zuwa na biyu lafiya. Zuwa na uku, a tsakiyar watan Mayu, Gwaggo ba ta da lafiya, ni kaɗai na je. Aka gwada, aka sake gwadawa, aka rubuta 140 bisa 90. Tsinken da aka tsoma a fitsarina ya ɗan sauya launi. Ma'aikaciyar ta ce, "Jininki ya fara hawa, ki dawo mako mai zuwa, kada ki jira wata." Na ce to. Layi ya yi tsawo, ba ta da lokacin da za ta tabbatar na gane, ni kuma ban tambaya ba. Hawan jini a sanina ciwon tsofaffi ne da masu tunani. Da na koma gida maigidana ya ce, "Ya awon?" Na ce, "Lafiya lau." Na ji nauyin in ce ya sake ba ni kuɗin Adaidaita bayan kwana bakwai kacal.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Katina na asibitin Dorayi ne, ni kuma ga ni a Gwammaja. Maganar awo ta bi ruwa.

A ranar 27 ga Mayu aka tashi da azumi. Umma ta ce in ajiye, addini ya ba mai ciki rangwame, na ce zan iya. Ina jin kunyar ƙannena su gan ni ina ci da rana su san dalili, kamar cikin da ya yi gaba ba ya faɗa da kansa. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga, zoben hannuna ya maƙale sai da aka sa sabulu. Fuskata ta cika, idanuna suka ƙanƙance. Masu shigowa barka da shan ruwa kowa da fassararta. Wata ta ce cikin namiji ne, haka yake yi. Wata ta ce zaƙi ne ya taru, aka jiƙo min saiwoyi a kwalba ina sha safe da yamma. Wata ta ce hutu ne ya karɓe ni.

Sai ciwon kai. Kwana uku yana sara ta gaban goshi, kamar ana buga ƙusa. Na sha farasitamol bayan buɗa-baki, bai ko gezau ba. A rana ta biyu na fara ganin wasu ƙyalli-ƙyalli suna yawo a gabana, idan na dubi fuskar mutum sai ta rabu biyu. A ta uku wani ciwo ya tokare min ƙahon zuci, ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na ce a raina azumi ne ya tayar min da gyambon ciki. Umma tana ganina kwance ta ce, "Ke lafiya?" Na ce, "Barci nake ji." A ɗaki ɗaya muke kwana da matar da ta haife ni, kuma ba na iya buɗa baki in ce mata wani abu game da cikin nan. Ita ma tana kawar da kai, don haka aka yi mata tarbiyya.

Daren goma sha bakwai ga azumi, bayan sahur, na tuna na ɗauki kofin ruwa. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran labari ne aka ba ni.

Wai na faɗi na sandare, sannan jikina ya hau karkarwa, idanuna suka juye, na tauna harshena jini yana zuba. Gida ya rikice da salati. Aka danna min cokali a baki, wani ya kawo tafarnuwa, Kaka ta ce a kawo garwashi a yi hayaƙi, iska ce ta buge ni don ina fita tsakar gida da tsakar dare. Ihun ne ya jawo maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da 'yarta ta rasu da cikin fari shekaru da suka wuce. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Tana ganina ta ce, "Jijjiga ce! Wallahi irin ta 'yata ce. Ku bar hayaƙin nan ku nemo mota." Ta cire cokalin, ta juya ni na kwanta a gefen hagu don kada in shaƙe. Baba ya tsaya yana cewa a kira mijinta tukuna, amanar mutane ce. Ta ce masa, "Malam, kira shi a hanya. Mu ma jira muka yi."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fitar da ni daga gidan. Aka tashi wani mai Adaidaita a layinmu, aka bi ta Ƙofar Mazugal. Daidai Kantin Kwari jijjigar ta sake dawowa a cinyar Umma. Ana kiran assalatu muka shiga Asibitin Murtala ta wajen Ƙofar Mata.

Abin da aka yi min a wurin sai daga baya na san sunansa da dalilinsa. Hawan jinina ya kai 180 bisa 120. Nan take aka yi min allurar maganiziyom salfet, giram huɗu ta jijiya a hankali, giram biyar-biyar a kowane ɗuwawu, aka kuma ci gaba da yi duk bayan awa huɗu har kwana guda bayan haihuwa. Aka ba ni na saukar da jini, aka sa min robar fitsari don a ga ko ƙoda tana aiki. Wannan allura ba ta da tsada, amma a da ba a samun ta a yawancin asibitocinmu, da Valium ake fama, mace ta yi ta barci jijjigar tana dawowa. A 2008 aka shigar da ita asibitoci goma na jihar Kano tare da horar da ma'aikata, kuma mutuwar masu jijjiga a waɗannan asibitoci ta sauko daga kusan mace ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. Ina yawan tuna 'yar maƙwabciyarmu. Tazarar da ke tsakanina da ita 'yan shekaru ne da kuma rabin awa.

Allurar tana tsayar da jijjiga ne kawai, ba ta warkar da ciwon. Tushensa yana jikin mabiyiya, kuma sai an raba mace da ita ake samun lafiya. Cikin yana mako 35, bakin mahaifa a rufe gam, bugun zuciyar jaririn yana raguwa. Likita ya ce aiki za a yi, a kawo jini leda biyu, miji ya sa hannu. Maigidana da Yayana suka karya azumi suka ba da jini. Wajen sa hannun ne aka ɗan tsaya, don Hajiya ta bugo waya tana kuka tana cewa a bar yarinya ta haihu da kanta, kada a fara yanka ta tun daga na fari. Yana riƙe da biro hannunsa na rawa, shi ma a lokacin shekarunsa ashirin da shida ne. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sa hannu, ɗana. Ni na haife ta, na yarda."

Na farka da yamma ban san inda nake ba. Harshena ya kumbura ya cika min baki, ɗuwawuna kamar an zuba barkono saboda allura. Wata nas tana zuwa lokaci-lokaci ta ƙwanƙwasa min gwiwa ta ga ko ƙafar za ta harba, ta ƙirga numfashina, ta ɗaga ledar fitsari ta rubuta. Na shafa cikina na ji ya faɗa. Umma ta sunkuyo, karon farko a rayuwata da ta yi min maganar kai tsaye, ta ce, "Kin haihu. Mace ce, tana da rai." Nauyinta kilo 1.9. Duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba ana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi. Da aka kawo min ita na kasa ɗauka, gani nake za ta karye.

Kwana tara na yi a kwance, kuma a cikin kwanakin nan na ga abin da ya sauya min tunani fiye da ciwon kaina. Gadon da ke damana wata yarinya ce da aka kawo daga ƙauye, ba za ta girme ni ba. Kwana uku tana naƙuda a gida. Da abin ya ƙi, aka kira wata tsohuwa ta yi mata yankan gishiri da reza, wai don hanya ta buɗe. Kafin a iso gari yaron ya mutu a ciki. Ƙugunta bai gama buɗewa ba, kan yaron ya zauna ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi har jini ya daina kai masa. Irin wannan nama bayan 'yan kwanaki yake ruɓewa ya faɗi, ya bar ƙofa. Yoyon fitsari ke nan. Ƙafarta ɗaya ma jan ta take yi, don jijiyar ta danne. Ba ta kuka, ba ta magana, bango kawai take kallo. Wata rana da dare ta ce min, "Taki tana shan nono?" Na ce tana ɗan sha. Ta ce, "Allah ya raya." Aka gaya wa mahaifiyarta cewa idan robar da aka sa mata ba ta sa ƙofar ta rufe ba, akwai sashen Laure a nan cikin asibitin inda ake ɗinke masu yoyo. Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan: tun shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, yake yin sa a Babbar Ruga ta Katsina, yana kuma zuwa Kano. Ana warkewa. Amma na sha tambayar kaina ko mijinta ya jira ta.

Can ƙarshen ɗakin kuma akwai wata da ba mai zuwa wurinta sai kakarta. 'Yar talla ce, ba ta da aure, wani babba da ke sayen abincinta ne ya yaudare ta. Ta ɗaure cikin da zane har wata takwas, ko sau ɗaya ba ta je awo ba, ita ma jijjiga ce ta fallasa ta. Masu zuwa dubiya suna wucewa suna nuna ta da baki. Ban ji wanda ya tambayi ina mutumin yake ba. Umma takan zuba kunu da farfesu a kwano ta ce wa ƙanwata, "Kai wa 'yar can." Ni da aurena da dangina cike da baranda kunya ta kusa kashe ni. Ina ga wadda aka riga aka yanke wa hukunci tun kafin ta buɗe baki?

Daga baya, a aji, na ga mu uku a cikin lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A birni kashi 8, a karkara 27. Cikin waɗanda ba su yi boko ba kashi 44, cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce uwar da ba ta kai ashirin ba ta fi mai shekara 20 zuwa 24 haɗarin jijjiga da cutar da ke kama mahaifa bayan haihuwa, jaririnta ya fi haɗarin zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Na yarda da duk wannan, a jikina na gani. Sai dai abin da takarda ba ta iya ƙirgawa shi ne, yarinya ba ta da kuɗin motarta, ba ta da izinin fita, ba ta da bakin da za ta ce wa surukarta a'a. Mace mai shekara talatin da ciwon kai irin nawa, a daren farko za ta tashi gidan duka.

Kafin a sallame mu aka koya min goyon ƙirji. A cire wa jaririya kaya sai hula da nafkin, a kwantar da ita tsakanin nonuwa fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Idan na gaji Umma ta karɓa. Ba ta da ƙarfin tsotso sosai, sai in tatsa a ɗan kofi a riƙa ɗiga mata duk bayan awa biyu. Aka ce ko ruwa kada a ba ta, nono zalla har wata shida.

A gida aka yi ƙaramin yaƙi a kan wankan jego. Kaka ta riga ta sa an sayo itace da ganyen darbejiya, ga kanwa an tanada ta kunu. Likita kuwa ya ce kada tafasasshen ruwa ya taɓa ɗinkin, kanwa kuma gishiri ce, mai hawan jini ba ta sha. Kaka ta ce jegon da ba kanwa ai sanyi ne zai kama yarinya ta ruɓe ta ciki. Ban taɓa jin Umma ta mayar wa Kaka magana ba sai ranar. Ta durƙusa ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. A cinyata yarinyar nan ta sandare. Abin da suka ce shi za a yi." Aka sirka ruwan ya zama mai ɗumi, aka dama kunun gyaɗa. Na ci gaba da shan maganin hawan jini, ana kai ni gwaji duk mako, har ya sauka da kansa kafin arba'in.

Ranar da muka koma bayan mako shida likita ya ce a shigo da maigida. A gabansa ya yi bayani: mahaifar da aka yanka tana son hutun kamar shekara biyu kafin wani ciki, wadda ta taɓa jijjiga tana iya sakewa, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta ko da naƙudar ta zo da sauƙi. Ya lissafa hanyoyin tazarar haihuwa. Maigidana ya juyo ya ce, "Wanne kike so?" Na daɗe ban amsa ba, don ban saba a tambaye ni a jira ba. Na zaɓi ashanar da ake sa wa a dantse. A hanyar gida, cikin Adaidaita, na ce masa ina son komawa makaranta. Ya ce bari yarinya ta yi ƙwari. Ya cika alkawari, na shiga makarantar matan aure a 2018, Hajiya da kanta take riƙe min 'yar idan na tafi.

Cikina na biyu yana mako goma na kai kaina awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa a je sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Ni na fi haka zuwa. Aka ɗora ni a kan ƙaramin asfirin da maganin ƙarin sinadarin ƙashi, na sayi abin gwajin hawan jini na ajiye a gefen gado. A bencin gaba nake zama.

Watan jiya, a asibitin unguwar da aka tura mu koyon aiki, wata yarinya ta shigo bayan labule da uwar mijinta. Cikin ya kai wata bakwai, zuwanta na farko. Duk abin da na tambaya dattijuwar ce ke amsawa. Na ce, "Mama, don Allah ki ɗan taimaka ki karɓo mana kwalbar fitsari a taga ta biyu." Tana fita na ja kujera kusa. Ban ce akwai matsala ba. Na ce, "Ƙanwata, kanki yana ciwo?" Ta yi shiru. Na ce, "Ta gaba yake sara ko ta ƙeya?" Ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa goshinta. Na ce, "Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

Na ɗaura mata abin gwajin, ya nuna 160 bisa 110. Na leƙa na kira Sista, na dawo na ce ta ba ni lambar mijinta.